Mutum na Arba'in da Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Gaya ba, kuma ko na so in manta mutanen Ajingi ba za su bar ni ba, domin sunan da na samo a ranar shi suke kirana da shi har yau da furfura ta cinye min gemu. Malam Ragowa. Yaran yanzu har rusunawa suke yi in za su faɗa, a zatonsu wata sarauta ce ta malanta. To gara in faɗi yadda aka yi da bakina, don masu ba da labarin a kasuwa sun cika masa gishiri.

Ni maraya ne. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni a Ajingi. Manomi ne, karatunsa bai yi nisa ba, amma bai taɓa barin sallar asuba ta wuce shi a jam'i ba. Shi ya ɗora ni a kan jakinsa ya kai ni Gaya, ya danƙa ni a hannun Malam, wanda a lokacin duk gabashin Kano ba wanda ya kai shi sanin hisabi da rabon gado. Daga Kademi ake zuwa masa, daga Birni ma ake zuwa. A zaurensa na girma, ina zana adadi da yatsa a kan rairayi har farcena ya ƙi tsiro daidai.

Da Malam ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kowa ya san ɗayan mutum biyu zai bar wa buzunsa: ko ni, ko abokin karatuna Ilu. Buzun nan na farin rago ne, gashin tsakiyarsa ya gama zubewa, in ka kai shi kasuwa ba mai tayawa. Amma wanda ya hau shi, shi ne malamin zauren, shi za a kawo wa gado ya raba, shi za a durƙusa wa. Wallahi ina son buzun nan kamar in mutu. Ilu kuwa sumumu-kasau ne, aikinsa ɗaukar buta da dama wa Malam kunu da matsa masa ƙafa. (Har gobe ban yarda ya iya raba gadon da ya wuce mace ɗaya da 'ya'ya uku ba tare da ya yi gumi ba. Ku je ku faɗa masa ni na ce.)

A shekarar ne Madugu Kyari ya shirya ayari zuwa Kukawa. Babarbare ne, kakanninsa suka zo daga gabas suka zauna a Gaya, shi kuma yana kai rinannen zane na turkuɗi yana dawowa da kanwa. Hanya ba ta da kyau a lokacin, mahara sun tsare ta, ayarin da ya riga nasa tashi da ƙyar rabinsa ya dawo. Sai ya zo wurin Malam yana son a ja masa Ya Laɗifu cikakkiya kafin ya ɗaura kaya. Ya tarar zazzaɓi ya kwantar da Malam. Daga kan shimfiɗa Malam ya ce, "Ɗan Ajingi zai tsaya a madadina." Haka yake kirana. Ina jin maganar nan kaina ya kumbura har na ji hulata ta yi min kaɗan. Na ce a raina shi ke nan, gwaji ne, in na yi abin da ba a taɓa gani ba buzu ya zama nawa.

Bari in yi bayanin adadin, don duk masifar daga gare shi ta fito. Kowane harafi yana da nauyinsa a hisabi. Sunan Laɗifu harafi huɗu ne: lam talatin, ɗa tara, ya goma, fa tamanin. In ka haɗa, ɗari da ashirin da tara ke nan. Idan lamari ya yi tsanani, sai a ja sunan sau ɗari da ashirin da tara, a maimaita hakan sau ɗari da ashirin da tara. Jimla dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya. Ba a ƙarawa, ba a ragewa.

Ni kuwa na ƙaunaci adadin nan yadda saurayi ke ƙaunar budurwa mai jan aji. Taurin kai gare shi. Ba ya rabuwa biyu, don mara ne. Ba ya rabuwa huɗu, ko biyar, ko shida, ko bakwai, ko takwas, ko goma. Ka kawo masa mutum uku, ya yarda, kowa ya ɗauki dubu biyar da ɗari biyar da arba'in da bakwai. Ka kawo tara, ya yarda, kowa dubu da ɗari takwas da arba'in da tara. Daga tara kuma sai ya rufe ƙofa ruf. Goma sha ɗaya, ashirin, talatin, arba'in, duk sai ya bar maka saura a hannu. Ba ya sake buɗewa sai a arba'in da uku cif, inda kowa zai ɗauki ɗari uku da tamanin da bakwai, ko ɗaya ba ta ragu ba. Dalili kuwa, ɗari da ashirin da tara ɗin kansa uku ne sau arba'in da uku, shi ya sa duk zuriyarsa daga uku da arba'in da uku take. Ranar da na gano wannan a kan rairayi, tsalle na yi ni kaɗai a zaure kamar mahaukaci.

Su dattawa ba sa wahalar da kansu da wannan. Yadda aka saba, ƙwarya biyu ake ajiyewa a tsakiyar taro, ɗaya da 'ya'yan tsamiya ɗari da ashirin da tara, ɗaya wayam. Duk wanda ya ja ɗari da ashirin da tara sai ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya jefa a ɗayar. Lokacin da ƙwaryar farko ta ƙare, adadi ya cika. Ko mutum biyar ne, ko hamsin, oho. Ni kuwa na raina wannan hanya. Na ga mai saurin baki yana jefa ƙwallo goma, mai gyangyaɗi yana jefa biyu, a tashi kowa ya ci rago daidai. Na ce wannan ba hisabi ba ne, dara ce.

Na sami Madugu na zuba masa bayani. Na ce, "Madugu, in kana son abin ya fita yadda ya kamata, malamai arba'in da uku za a tara, kowa ya ja rabonsa daidai da na ɗan'uwansa, su fara tare su gama tare." Ya shafa gemu, na san cikin mutum arba'in da uku yake aunawa. Can ya ce, "Malam ƙarami, ƙwaryar da aka yi wa ubana da ita fa?" Na ce ai ilmi gaba yake yi. Ya dube ni ya ce to, tunda Malam ni ya wakilta.

Kai, na sha tafiya! Malaman Gaya da suka amsa ba su kai ba, sai da na taka har Kademi, na taka har Ajingi, ina durƙusawa a zauruka ina roƙon tsofaffin da suka haifi ubana. Wani ya ce ƙafarsa, wani ya ce gonarsa, na yi ta lallashi. A Ajingi na kwana a gidan Kawu, na ci tuwonsa, na ba shi labarin duk abin da nake shiryawa, yana ta murna yana cewa Allah ya yi albarka. Amma ban ce masa ya zo ba. Na riga na cika arba'in da uku da ni da Ilu, kuma gaskiya, a lissafina na lokacin, Kawu ba malami ba ne.

Ranar Alhamis da hantsi aka taru. Madugu ya kafa rumfar zana a ƙofar gidansa, an yanka raguna, ƙamshin miya har kan hanya. Na ari babbar riga mai aska a wurin wani maɗinki, na naɗa rawanin da ya fi kaina girma. Na zaunar da malamai sahu-sahu, na bi su ina taɓa kafaɗar kowa ina ƙirgawa da ƙarfi don a ji. Ilu bai iso ba, ya tsaya ba Malam kunu, amma ya aiko da buzunsa an shimfiɗa masa a gurbinsa. Da shi da ni, arba'in da uku. Na sa aka kwashe ƙwaryar tsamiyar da matan gidan suka fito da ita, na ce a mayar madafa inda ta dace.

Ina cikin wannan fankama sai na ji sallama a bakin rumfa, muryar da na fi sani a duniya. Kawu ne. Ya wanke tsohuwar rigarsa har ta yi fari fes, ga buzunsa a hammata, ga ƙunshin soyayyar gyaɗa a hannu da ya kawo min. Tun asuba ya taso daga Ajingi a kan jaki don ya ga ɗansa yana jan malamai. Ya gaisa da mutane, ya sami ɗan gefe kusa da wani dattijo na Kademi, ya shimfiɗa buzunsa ya zauna yana murmushi, yana ɗago min hannu.

Na sake ƙirgawa a zuci. Arba'in da huɗu.

Yanzu da na tsufa na san hanyoyi sun fi goma da zan bi. Da na ba shi gurbin Ilu, tunda Ilu bai zo ba. Wannan ma ya faɗo min a rai a lokacin, na ture shi, saboda ina son Ilu ya zo ya zauna a ƙasana ya ga yadda ake yi. Da na je na raɗa wa Kawu a kunne. Ina! Ni da na sami taro, ga rawani, ga riga mai aska.

Madugu ya lura da fuskata, ya matso ya ce, "Malam ƙarami, ai abu mai sauƙi ne. A rage wa kowa kaɗan, abin da ya yi saura a ɗora wa dattawa."

Ko rairayi ban nema ba, da ka na ba shi amsa, don a san ni ne. Na ce, "In aka raba wa arba'in da huɗu, kowa ɗari uku da saba'in da takwas, tara su yi saura. Taran nan fa? A bi mutum tara a ƙara musu ɗaya-ɗaya, wani ya fi wani? Wannan rabon 'yan kasuwa ne, Madugu, ba rabon malamai ba." (Ku lura, a ƙofar gidan ɗan kasuwa nake wannan magana, ragonsa yana kan wuta domina.) Madugu ya koma ya zauna.

Sai na juya ga taro, na ɗaga murya yadda har matan da ke bayan zana za su ji. Na ce, "Jama'a, wannan adadi ba fura ba ce da za a ƙara mata ruwa in baƙo ya zo. Arba'in da uku yake karɓa. Na arba'in da huɗu ragowa ne, ragowa kuwa ba ta zama a cikin lissafi, ko wane ne shi. Ko ubana ne ya taso daga kabari, sai ya jira a waje."

Ban kalli Kawu ba, amma kowa shi yake kallo. Na ji motsinsa yana naɗe buzu a hankali. Ya miƙe ya ce, "Gaskiyarka, ɗana, kai ka san karatu. Dama zafi ya dame ni a ciki." Ya fita ya zauna a gindin ceɗiyar da ya ɗaure jakinsa. Ƙunshin gyaɗar ma bai samu ya ba ni ba.

Wallahi a lokacin ban ji komai ba sai daɗi. Na ɗauka na nuna wa malaman ƙasar nan cewa ni mutum ne da ba ya karkata ko don danginsa, irin wanda ya dace a ba shi rabon gado. Na gyara rawani, na ce da zarar Ilu ya iso za mu fara.

Ilu ya iso. Amma ba shi kaɗai ba.

Hayaniya na fara ji a waje, ana "Sannu Malam, sannu Malam." Sai ga Ilu ya shigo, hannunsa na dama riƙe da hannun Malam, hammatarsa ta hagu kuwa ga farin buzun nan a naɗe. Ashe zazzaɓin ya sake shi da safe, ya sha kunu ya ji ƙarfi, ya ce a kai shi ya sa bakinsa a addu'ar Madugu. Duk rumfa ta miƙe. Ilu ya shimfiɗa buzun a gaba, daidai inda nake tsaye, dole na ja da baya. Malam ya zauna yana haki, aka yi ta gaisuwa.

Da aka natsa sai ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. Ya ce, "Ɗan Ajingi, na wuce mutumin da ya kawo ka wurina a gindin ceɗiya. Ya ce min iska yake sha. Tun yaushe mutumin Ajingi yake tasowa zuwa Gaya shan iska?"

Madugu ne ya amsa, kuma bai rage ko harafi ba. Ya faɗi zancen fura, ya faɗi zancen kabari, ya faɗi rabon 'yan kasuwa, da murya mai sanyi kamar mai karanta wasiƙa. Malam yana saurare yana gyaɗa kai.

Ya ce, "To. Yanzu mu nawa ne a nan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, arba'in da huɗu."

"Yana rabuwa?"

"Ba ya rabuwa."

"Madalla. Lissafinka daidai ne, ban same ka da kuskure ko na ɗaya ba. To fitar mana da ragowar mu fara, rana tana yi."

Gumi ya karyo min tun daga cikin rawani. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ana iya ba kowa ɗari uku da saba'in da takwas, taran da suka rage sai a..."

Madugu ya katse ni. "A'a, Malam ƙarami. Wannan ai rabonmu ne na 'yan kasuwa. Kada ka ɓata mana aikin malamai."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Daga bayan zana kuwa ba wanda ya ɓoye, na ji wata mata ta sheƙe har da tafi.

Na bi rumfar da ido ina neman wanda zan tayar. Wa? Tsohon da na durƙusa wa a Kademi har ya bar gonarsa? Limamin da aka ɗauko a kan jaki saboda ciwon ƙafa? Kowannensu ni na je na roƙo, kowannensu ya haife ni. Idona ya sauka a kan Ilu, na ji ɗan sanyi a raina. Kamar Malam ya ga inda nake kallo, da makantarsa da komai, sai ya ɗora hannu a gwiwar Ilu ya ce, "Wannan idona ne, da shi nake gani." Saura mutum biyu ke nan a duniya: Malam, da ni. Na tsaya ina jira ko wani zai ce haba a bar shi mana. Ba wanda ya ce. Mutum arba'in da uku suka zuba min ido, kowa da tasbaharsa a hannu, suna jiran masanin hisabi ya cika hisabinsa.

Na fita. Kuma fitar ma ba ta zo da sauƙi ba, don ni na tsara sahun da kaina, na matse shi yadda ba hanya. Haka na riƙa tsallake ƙafafun dattawa ina "gafara, gafara," rigar aro tana kama gwiwoyin mutane, gefen rawanina ya warware yana jan ƙasa a bayana. Da na kai bakin rumfa sai ga tulin takalma, na mutum arba'in da wani abu, an tattake su an cakuɗa wajen tarar Malam. Na sami ƙafa ɗaya, ɗayar ta ce neme ni. Na duƙa ina tono, na juya wa malaman ƙasar Gaya baya gaba ɗaya, su kuma ba su fara ba, ni suke jira in gama fita. Can na ji muryar dattijon nan na Kademi yana cewa, "Ragowar ta maƙale a ƙofa." Nan sunan ya samo asali. Na haƙura da takalmin, na fita da ƙafa ɗaya a sanye ɗaya a ƙasa, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige.

Ba inda zan nufa sai ceɗiyar nan, don ita kaɗai ce inuwa. Kawu yana zaune, ya ji komai, zana ce kawai tsakaninsa da rumfar. Na tsaya a kansa na kasa ɗaga ido. Ina jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya matsa gefe, ya bar min rabin buzunsa, ya ce, "Zauna, ƙasar da zafi." Ya kwance ƙunshin gyaɗar ya ajiye a tsakaninmu.

Ban gama zama ba na ji muryar Malam daga ciki: "Ilu, a karɓo mana ƙwarya." Jim kaɗan rumfa ta ɗauki gunjin Ya Laɗifu, sai kuma ƙarar ƙwallon tsamiya yana faɗawa, ƙwal, ƙwal. Wato da arba'in da ukun ma a zaune cif, yadda na tsara, ba a yi da lissafina ba. Duk tafiyar da na sha, duk durƙuson da na yi, a banza. Kowace ƙwal a ƙirjina take sauka.

Sai ga Ilu ya fito. Na ce a raina an huce, an aiko a kira ni. Har na fara laluben rawani. Ya durƙusa a gaban Kawu, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Baba, Malam ya ce ka shigo, da ƙwarya ake yi, akwai wuri."

Ban san lokacin da na ce, "Ni fa?" ba. (Kun ji rashin zuciya.)

Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam bai ambace ka ba."

Kawu ya ɓare gyaɗa ɗaya ya jefa a baki, ya tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa. Mutumin nan tun asuba ya taso don ya zauna a cikin rumfar nan, bai taɓa zama a sahun malamai irin waɗannan ba, kuma ya san ba zai sake samu ba. Ya ce, "Ka ce wa Malam na gode, Allah ya ƙara sauƙi. Ina da baƙo."

Da Ilu ya koma, Kawu ya ciro tasbaharsa ya ce, "To mu ma mu ja namu a nan. Mu biyu ne, ɗana. Yana rabuwa?"

Na ce, "Ba ya rabuwa, Kawu. Kowa dubu takwas da ɗari uku da ashirin, ɗaya ya yi saura."

Ya ce, "Ɗayan nan bar min shi, ni na saba riƙon ragowa."

A nan na yi kuka, ƙato da ni, da gemu, da takalmi ƙafa ɗaya, jaki yana kallona.

Kafin ayarin Madugu ya dawo daga Kukawa (lafiya lau ya dawo, ko akuya bai rasa ba, aka ce albarkar ƙwarya ce), Malam ya tara almajiransa ya miƙa wa Ilu buzun. Ban jira an gama fatiha ba na haɗa gafakata na kama hanyar Ajingi. Na yi noma da Kawu har Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yansa suka ce ni ne masanin gado, in raba musu. Na raba gona, na raba rumbu, na raba jaki a kan ƙa'ida, ba wanda ya yi ƙorafi. Tsohon buzunsa ne kaɗai ba wanda ya so, suka ce in ɗauka. A kansa nake zaune yanzu da nake ba ku labarin nan.

Ilu yana can Gaya a kan farin buzu, an ce har daga Birni ake zuwa masa. An kuma ce in gado ya rikice masa, yakan aiko mutum a ɓoye ya tambayi wani tsoho a Ajingi. Ban ce gaskiya ba ne, ban ce ƙarya ba ne. Abin da ke ci min rai har yau shi ne ba wanda ya taɓa cewa na yi kuskure. Dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya ba ya rabuwa ga arba'in da huɗu, jiya bai rabu ba, gobe ma ba zai rabu ba. Da kuskure na yi da na gyara na huta.

Abin da na koya dai kaɗan ne, kuma da tsada na saye shi. In aka kira ni taro yanzu aka ce Malam Ragowa ƙirga mana mutane, sai in ce idona ba ya gani sosai, a kawo ƙwarya. Takalmana kuwa ba na barinsu a tuli. A hammata nake shiga da su, in zauna kusa da ƙofa.